Kantar da Ke Yatsun Kawu

Daga Allah muke, kuma can muka nufa. Kawu ya riga mu isa ranar Talata da hantsi, a gidansa na Kaduna, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Na yi kwana uku a tabarmar karɓar gaisuwa ina sauraron mutane. Shekarun da na yi a gidan rediyo sun koya min sauraro, sun kuma koya min lura da abin da aka tsallake. Limamin unguwa ya ce bai taɓa juyowa bayan sallama ya rasa shi a sahun farko ba. Abokan sana'arsa suka ce in Alhaji ya gyara maka na'urar sanyaya ɗaki, sai dai ka sayar da ita don ka gaji da ganinta. Wani maƙwabci ya ce, "Mutum ne mara hayaniya. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninmu, ko rediyo ban taɓa jin ya kunna ba." Kowa ya gyaɗa kai. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

A rana ta biyu babbar 'yarsa ta aiko a kira ni cikin gida. Wayar mahaifinta ce a hannunta.

"Yaya, saurari wannan. Tun da na sa sanarwar rasuwa a wayar Baba, wani tsoho ya turo saƙon murya. Wai daga ƙasar Filifin. Turanci yake yi, amma kukan ya fi maganar yawa. Ko 'yan damfara ne?"

Na kara wayar a kunne. Na gane muryar kafin ya gama gaisuwa, duk da an yi kusan shekara arba'in rabona da ita.

"Ba ɗan damfara ba ne," na ce. "Makaɗin ganga ne. Ya ce tun da suka rabu da mahaifinki bai sake samun wanda ya riƙe masa kiɗa daga ƙasa kamar shi ba."

"Ganga? Baba?" Dariya ta kuɓuce mata, sannan ta rufe baki, ta tuna gidan makoki ne.

Matar Kawu tana gefe da carbi. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Gaya mata. Kai kana can. Ni abin da ya rage aka aura min."

Abin da na gaya mata a tsaye a bakin ƙofa bai isa ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Akwai kuma wani yanki na labarin da ni na jawo shi. In ban faɗa ba, babu mai faɗa.

Kawu shi ne auta a ɗakin su mahaifiyata, shekara tara ya ba ni. Ya yi makarantar koyon sana'a, ya fito da takardar gyaran firji da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki. Wannan yake yi a ranakun aiki. Ranar Asabar kuma yana bin wasu samari da ke kiɗa a wani otal, har wani ɗan Gana a cikinsu ya ɗora masa jitar bes a cinya. Ita ce jita mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta ta fi ta kowa zurfi. Kiɗan da suke yi kuwa rok ne mai nauyi, irin na Turawa mai gurnani, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Cikin shekara biyu har daga Jos ana zuwa aron Kawu.

Labari ya isa gida. Mahaifinsa ya kira shi zaure.

"A gidan nan ba a taɓa roƙo ba."

"Baba, ba roƙo nake yi ba. Ba na kiran sunan kowa."

"Namiji ya rataya abin kiɗa a gaban jama'a suna tafa masa. Faɗa min sunansa in ba maroƙi ba."

Kafin wata uku wani aminin mahaifin nasa ya samo masa aiki a Riyad. Aka yi masa addu'a, kowa na cewa ya yi sa'a, ƙasa mai tsarki. Shi kuwa ya kwance wuyan jitar daga jikinta, kusoshi huɗu ne kawai. Ya naɗe wuyan a bargo, ya sa jikin a ƙasan akwatin kayan aiki, ya murɗa tsirkiyoyin tare da wayoyin lantarki. Haka ta shiga ƙasar.

Na same shi a can a tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da na je aikin tafinta a wani asibiti. Muka zauna tare a ɗaki da falo a saman shagon kafilinsa, a Dira, tsohon cikin gari. Ga wanda bai sani ba, kafili shi ne ɗan ƙasar da ya ɗauki nauyin zamanka. Sunansa ne a iƙamarka, wato takardar zama. Fasfonka yana cikin akwatin ƙarfensa. Ba ka sauya aiki, ba ka barin ƙasar, ko gari mai nisa ba ka zuwa sai da sa hannunsa. Kafilin Kawu dattijo ne mai kirki. A riƙe wannan, domin kirkin nasa yana cikin labarin.

Tagar ɗakinmu bangon maƙwabci take kallo, tazarar kamu biyu. Babu gidan kallo a garin, babu dandali, babu inda baƙo zai je bayan aiki sai kasuwa da masallaci. Wata Alhamis ɗin Kawu yakan tuƙa mu har hanyar filin jirgi, ya tsaya a gefen titi, mu kalli jirage uku ko huɗu suna tashi, mu juyo. Babu wanda ya taɓa nuna mana doka a rubuce cewa kada a ji kiɗa daga ɗakinka. Amma babu wanda ya san inda iyakar take, kuma baƙo ba ya neman iyaka da ƙafarsa.

Don haka Kawu yana kaɗa jitarsa ba tare da ya haɗa ta da sifika ba. Bes ɗin da ba a haɗa ba kusan bebiya ce, sai ɗan ƙas-ƙas na yatsa a kan waya. Sai ya gano dabara. Yana jingina kan jitar da ƙofar kabad ɗin katako, katakon ya ɗauki muryar, shi kuma ya manna kumatu. Haka nake dawowa daga asibiti da la'asar in same shi: rigar aiki ba a cire ba, ido a rufe, yatsu biyu na hannun dama suna tafiya kamar ƙafafun mai sauri. Da kukan esin ɗakin yake saita tsirkiya. Ya ce tsohuwar na'urar tana kuka daidai da tsirkiya ta biyu, shi ya sa ya ƙi gyara ta. Kan yatsunsa ya yi kanta, tauri kamar kofato. Yakan ɗauki kofin shayi mai tafasa, ni in taɓa in yar.

Wurin shan iskarsa ɗaya ne. A arewacin gari akwai wata unguwar ma'aikatan waje, kewaye da katanga, da mai gadi a ƙofa. A ciki abubuwa suna sassautawa. Shagon kafili ne ke kula da esin wurin. Wata rana Kawu yana kan tsani a zauren wasanninsu, wasu mutum uku suna gwajin kiɗa a ƙasa: wani Bature injiniya mai waƙa da jita, ɗan Filifin ɗin nan mai ganga, da wani likitan haƙori da aka ba bes don babu wani. Kawu ya jure waƙa biyu. A ta uku ya leƙo daga sama ya ce, "Oga, tsirkiyarka ta ƙarshe ta sauka." Likitan ya ce in ya iya ya sauko. Ya sauko, ya goge hannu a wando. Mai gangar ya gaya min daga baya cewa kafin a kai rabin waƙar, likitan ya tafi haɗo masa shayi.

Daga nan kowace Juma'a, da an sauko daga masallaci, sai ya shiga motar shago da takardar aiki, jitar a ƙarƙashin tamfol tsakanin tukwanen gas. Esin zauren nan ya yi shekara biyu yana lalacewa duk mako.

Sau ɗaya ya tafi da ni. Na ɗauka zan ga tsalle da girgiza kai, irin wanda Baturen ke yi. Kawu bai motsa ba. Ya tsaya dab da mai ganga, idonsa a kan ƙafar da ke taka babbar gangar. Amma kujerar da nake kai tana rawa, ruwan da ke kofina yana zane. A tsakiyar wata waƙa ya ɗauke hannu na ɗan lokaci, da gangan, sai kiɗan duka ya zama kamar rumfar da aka zare wa ginshiƙi. Da ya dawo, zauren ya ɗauki ihu.

A mota na ce, "Kawu, ai naka ba a ma jin sa sosai."

Ya ce, "Haka ne. Ba a jin bes sai ya tsaya." Ya sha faɗar wannan daga baya, a kan lafiya, a kan uwa, a kan wutar lantarki.

Da muka iso ƙofar unguwar, ya kashe murmushinsa kamar yadda ake kashe fitila, ya miƙa wa mai gadi takarda.

Sai kwantiragin Baturen ya ƙare. Ya koma Ingila, inda wani abokinsa ya samo musu ɗakin ɗaukar faifai na wata guda. Ya ce da Kawu yake son yi. Ya aiko da wasiƙa da tikiti, ya shirya komai ta can. Abu biyu suka rage: fasfo da hatimin fita. Dukansu a hannun mutum ɗaya suke. Sati shida ya rage.

Larabcin Kawu na shago ne: kawo, kai, ɗaure, gobe. Bai isa wannan magana ba. Ko da ya isa, mu ba ma kai babbar buƙata gaban babba da bakinmu, sai a sami mai shiga tsakani. Ni ne mai Larabci. Ya zaunar da ni ya maimaita min sau uku.

"Ka gaya masa gaskiya. Ni makaɗi ne, an kira ni aiki na wata guda, zan dawo in cika masa kwantiragi. In ya hana, ya hana."

"Kawu, kiɗa fa. A gaban dattijon nan?"

"Malam tafinta, abin da aka faɗa ake fassarawa. Ko ba haka aka koya maka ba?"

Muka je gidan kafili ranar Alhamis bayan la'asar. Aka zuba mana gahawa, aka turo dabino. Ya tambayi lafiyar gida, ya yaba hannun Kawu, ya ce shekara huɗu babu wanda ya dawo shago da ƙorafi. Gemunsa fari fat, carbi a hannu, 'ya'yansa maza biyu a gefe. Sannan ya dube ni ya ce, "To, ɗana, mece ce buƙatar?"

Kalmomin suna bakina, na san su sarai. Amma da na dubi gemun nan, sai na ji muryar kakana a zaure tana cewa maroƙi. Na kasa buɗe baki a gaban Balarabe in ce ƙanin mahaifiyata makaɗi ne. Sai na ɗauko abin da kowane baƙo ke ɗaukowa in yana son fita. Na ce mahaifiyarsa ba ta da lafiya a gida, yana so ya je ya gan ta.

Na yi shekaru ina gaya wa kaina cewa dabara na yi, don na san wannan hanyar ta fi buɗe ƙofa. Ba dabara ba ce. Kunya ce.

Kawu ya san kalmar uwa, ya san kalmar ciwo. Na ji ya ajiye kofinsa. Ba zai ƙaryata ɗan yayarsa a gaban mutane ba, kuma ya san tafintan da aka kama da ƙarya ya gama aiki a garin.

Dattijon ya yi salati, ya kama hannun Kawu, ya tambayi abin da ke damunta. Na ce tsufa ne, da ido. Wannan kaɗai ke da ƙamshin gaskiya, don ta daɗe tana cewa tana ganin hazo. Sai fuskarsa ta washe.

"In ya je, me zai yi mata? Shi likita ne? Likitoci suna nan. A kawo ta. Ni zan yi takardun, ni zan ɗauki komai. A duba ta, ta yi Umra, ta ga ɗanta. Uwarsa uwata ce."

'Ya'yansa suka shiga sa masa albarka. Na fassara wa Kawu, wannan karon ban sauya ko kalma ɗaya ba. Kawu ya rusuna ya yi godiya. Me kuma zai yi?

A mota bai tayar da injin ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Me na ce ka faɗa?"

"Kawu, na ga kamar..."

"Ban tambaye ka abin da ka gani ba. Me na ce?"

Na kawar da kai, shi kuwa ya ci gaba.

"Baba ya ji kunyata, na ce uba ne. Kai ma? Kai da ka zauna a kujerar nan ka ji da jikinka?" Ya murɗa makulli. "Ka kwantar min da uwa da bakinka. Allah ya sa mala'iku ba su ce amin ba."

Musulmi ba ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, kuma Kawu mai kiyaye haddi ne. A rana ta uku ya yi min sallama. Sallamar kaɗai ya ci gaba da yi min har wata guda, a ɗaki ɗaya, a kwano ɗaya. Na ce mu koma mu faɗi gaskiya. Ya girgiza kai. Takardu sun riga sun tafi, an gaya wa tsohuwa za ta ga Ka'aba, unguwa duk ta ji. Wa zai aika mata ta kwance kaya?

Kakata ta sauka a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid sati biyu kafin ranar da ake jiran Kawu a Ingila. Kafili ya aiko da keken marasa lafiya. Ta fito da ƙafarta, ƙunshin daddawa da kuka a ka, ta dubi keken.

"Wannan na wane ne?"

"Naki ne, Inna," in ji Kawu.

"Ɗora masa kayan, ni ban gaji ba." Ta juyo kaina da wasan kaka da jika. "Kai kuma mijin banza, ka zo ƙasar Larabawa ka rame. Ko sun ƙi ka ne?"

Likitan ido ya duba ta ya ce yanar ido ce a idanun biyu, ta kusa rufe su, da an ƙara shekara da sai jagora. Aka sa ranar aiki: ido ɗaya yanzu, ɗayan bayan wata guda. Ni na fassara wannan ma. Kawu ya dubi kalandar da ke bangon asibiti. Ko da an miƙa masa fasfo a ranar, babu ɗan da zai bar uwarsa da bandeji a ido, a ƙasar da ba ta jin harshenta, tana baƙuwar mutumin da ya yi masa wannan alheri.

Ranar da jirginsa ya tashi, yana zaune a bakin gadonta yana ɗiga mata magani a ido.

Bayan an buɗe ido na biyu sai ta shiga ganin komai: ƙurar bayan ƙofa, furfura uku a kan Kawu, ɗinkin rigata da ya karkace. Wata Juma'a da rana ta nuna saman kabad.

"Auta, mene ne wancan da ka naɗe kamar jariri?"

Ya sauko da jitar. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ce garayar da ta hana ubanka sukuni?"

"Ita ce."

"To kaɗa in ji. Shekara nawa ana faɗa a kanta, ban taɓa jin laifin da ta yi ba."

Ya kaɗa. Ta karkata kai. "Ba na jin komai. Ko kunnen ma sai an yi masa aiki?"

Ya jingina kan jitar da kabad, ya kama hannunta ya shimfiɗa tafin a jikin katakon, ya sake kaɗawa. Na ga fuskarta ta sauya. Ta ɗora ɗayan hannun.

"Ashe ba ihu ba ne," ta ce. "Kamar ana daka a maƙwabta, kana kwance kana jin sa a ƙasa." Ta riƙe katakon har ya kai ƙarshe. "Don wannan aka raba ka da gida?"

Bai gaya mata zancen Ingila ba, ranar ko wata rana, bai kuma gaya mata abin da na yi ba. Wannan ne alherin da ya yi min, kuma bai taɓa ambatarsa ba.

Amma kakata ba yarinya ba ce. Ranar komawarta, bayan ta yi Umra, Kawu ya tafi auna kaya, ita kuma ta riƙe hannun rigata.

"Mijina, tun da na sauka ake yi min sannu kamar wadda ta dawo daga lahira. Matar Balaraben nan har kuka ta yi da ta gan ni a tsaye. Wani ya yi ƙarya, kuma Auta ba ya jin Larabci."

Na sunkuyar da kai.

"Ni ƙaryar ta ba ni ido. Shi me ta ba shi?"

Ta sake ni. "Riƙe tambayar," ta ce, "ba sauri nake ba."

Da lokacin sabunta kwantiragi ya zo, kafili ya miƙo takarda yana murmushi, Kawu ya sa hannu a shekara biyu. Mutumin da ya buɗe idon uwarka ba a ce masa a'a. Mai gangar ya koma ƙasarsu. Esin zauren ya daina lalacewa.

Wata rana wani ma'aikaci ya kawo kaset daga Ingila. Su Baturen sun sami wani ya kaɗa musu bes. Muka saurara a motar shago, gilashi a rufe, a wani fili bayan gari. Duk abin da na sha ji ta jikin kabad yana ciki, a hannun wani. Kawu ya ji har ƙarshe. Ya ce, "Ya iya. Amma yana gaba da mai ganga kaɗan, kamar mai gudun ruwan sama." Ya cire kaset ɗin ya ba ni.

Ba su zama wasu shahararru ba. Faifai biyu suka yi suka watse. Na taɓa gaya masa haka don in sanyaya masa rai.

Ya ce, "Ai ba suna zan je nema ba. So nake in ji jitata da ƙarfi, ko sau ɗaya, a wurin da babu mai gadi a ƙofa."

A ranar na nemi gafararsa. Ya daɗe yana kallon titi.

"Yaya zan yi fushi da abin da ya sa Inna ta ga Ka'aba da idonta? In na ce da ma ba ka yi ba, na ce da ma ta makance ke nan. Ka ga, ko nadamar ma ba ka bar min ba." Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. "Na yafe. Mu tafi, an kusa kiran salla."

A ƙarshen shekarun tamanin ya bar Riyad. Wannan karon bai kwance jitar ba, a kafaɗa ya rataya ta. Kafili ya zo sallama, ya gani, ya tambaya. Na faɗa masa komai, daga otal ɗin Kaduna har tikitin da ya mutu. Dattijon ya buga cinya.

"Me ya sa ba ku faɗa ba? Ƙanena ma yana kaɗa garayarmu ta Larabawa. Da na bar shi ya je."

Ban san ko da gaske yake ba. Kyauta da abin da ya wuce ba ta da wuya. Amma na fassara wa Kawu wannan ma, don na daina zaɓar masa abin da zai ji. Ya gyara ratayar jitar ya ce, "Gaya masa na gode."

Ya dawo Kaduna ya tarar samarin otal sun watse, shi kuma ya doshi arba'in. Ya buɗe shago, aka yi masa aure, ya zama Alhajin da aka yaba a tabarmar gaisuwa. Kakata ta ƙara shekara goma sha huɗu a duniya tana zura allura da kanta. Na ɗauka jitar ta mutu a wani lungu. Ban taɓa tambaya ba, kuma na san dalilin da ya sa ban tambaya ba.

Ni da babban ɗansa muka yi masa wanka. An ce mai wankan gawa ya rufe abin da ya gani, sai in alheri ne. Ni a wurina wannan alheri ne. Da na kama hannunsa na hagu, sai na ji kanta a kan yatsu huɗu, mai tauri, ba tsohuwa ba. Na duba na dama: yatsu biyu. Irin wannan kanta tana gogewa cikin 'yan watanni in mutum ya daina. Kawu ya haura saba'in.

Bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, na tambayi matarsa. Ta kai mu ɗakinsa, ni da babbar 'yar. Ta nuna kabad. A ƙofarsa akwai wani wuri da fenti ya goge, daidai tsayin kumatun mutum a zaune.

"Kullum bayan la'asar," ta ce. "Yana tura ƙofa. Yara sun ɗauka wuridi yake yi."

Ta sauko da jitar daga sama, a cikin bargon nan dai. Tikitin yana maƙale a ƙarƙashin tsirkiyoyi, ya zama ruwan ƙasa.

'Yar ta ce, "Yaya, ya muryarta take?"

Ni ban iya ba. Amma na jingina kan jitar da kabad kamar yadda na sha gani, na kama hannunta na shimfiɗa tafin a jikin katakon, na ja tsirkiya mafi kauri da yatsa ɗaya.

Ba ta ɗauke hannun ba har sautin ya mutu.

"Na san wannan," ta ce. "Gadona yana jikin bangon nan. Tun ina ƙarama nake jin sa a bayana. Na ɗauka haka gidanmu yake." Ta dubi mahaifiyarta. "Shi ne tun da Baba ya kwanta nake jin wani abu ya ɓace a gidan, na kasa gane mene ne."

Tambayar kakata tana nan a hannuna, ban samo mata amsa ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kamar yadda ya yafe min, ya yalwata masa makwanci. Ya shigar da shi ta ƙofar da ba a tambayar kowa takarda.